Ranar da Na Babbake Dirkokin Roba

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin firamare a Birnin Kudu, ina jin kaina kamar da ni aka yi shawarar kawo boko, mahaifiyata ta aiko in zo gida Surko. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunana, kuma ba ta kallon idona in za ta yi mini magana. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Da muka gama gaisawa sai ta ce, kamar da waken take magana, "Mai unguwa ya sa an yi shela, ranar Juma'a ta sama za a saki dabbobi. In bana ma aka cinye rogon nan, na haƙura. A ba kawunku gonar ya zuba gero, in huta."

Ga waɗanda ba su tashi a ƙauye ba, a wajenmu idan kaka ta wuce kowa ya kwashe amfaninsa, ana sa rana a saki shanu da awaki su shiga gonaki su ci kara da ragowar harawa. Babu laifin makiyayi a nan, ita ma gonar taki take samu. Rogo ne kawai ba ya bin wannan tsari. Lokacin da ko'ina ya bushe, shi yana nan kore shar, duk dabbar da ta hango shi daga nesa can za ta nufa. Mai rogo ba shi da mai gadi sai shingensa.

Gonar ba wata babba ba ce, tana jingine da wani dutse a gabas da gari. Mahaifina ne ya sare ta da hannunsa, kuma shi yake mata shinge duk shekara har Allah ya karɓi abinsa. Bayan rasuwarsa muka ci gaba da kafa dirkoki, amma marke da ƙirya sun yi wuya, sai rassan duk abin da muka samu. Garar wajen kuwa ba ta san azumi ba. Shekara biyu a jere shanu suna ture shingen su shiga, su tattake, awaki su ƙarasa. Duk da haka kullum da safe tsohuwar nan sai ta taka ta je gonar, ko babu abin yi. A can ne kaɗai nake jin ta ambaci mahaifina. Na san idan gonar ta bar hannunta, ba rogo kaɗai za ta rasa ba.

Sai na tuna da abokina na wajen Basirka. Tare muka yi ƙaramar sakandare, shi ya tsaya a aji uku ya koma wajen shanun gidansu, daga baya ya riƙa bin masu haƙa burtsatse yana musu aikin ƙarfi. Na taɓa jin ya kewaye garkarsa da fayif ɗin roba, har na yi masa dariya a gaban mutane, na ce sauran ya sayo wa shanun takalmin roba a yi saiti. Ranar dai na haɗiye dariyata na kira shi a waya. Bai tuna mini komai ba. Ya ce, "Gonar Inna ce? Ina nan tafe ranar Litinin."

Ya iso a kan mashin ɗinsa, yana biye da a-kori-kura mai ɗauke da fayif kusan hamsin, masu kauri, ruwan toka, kowanne ya fi tsawon mutum kaɗan. Guntayen da ake yarwa ne a wajen aiki da waɗanda suka tsage a baki, ya daɗe yana tara su. Na ɗaga ɗaya na ji shi sakayau, na leƙa cikinsa na hango sama ta ɗaya ƙarshen. Na ce, "Yanzu wannan hololon ne zai tare bijimi?"

Ya ce, "Malam, ai ramin nan da ka raina shi ne amfaninsa. Zo ka gani."

A ranar na ga aiki. Ya haƙa rami da dagi har gwiwa, ya tsayar da fayif, ya daddaɓe gefensa. Sannan ya riƙa ɗura masa rairayi da tsakuwa ta sama, yana zungura da sanda har ya cika. Abin da na ɗaga da yatsa biyu ɗazu, na jingina da shi da duk ƙarfina bai motsa ba. Ya ce ka ɗauko shi ba nauyi, ƙasar gonar ce za ta ba shi nauyin, kuma ranar da kake son matsar da shi sai ka zazzage ka saɓa a kafaɗa. Wajen da waya za ta bi, ƙusa yake sakawa a wuta ta yi ja, ya huda ƙofa biyar a jere, na ƙasa kusa da juna saboda awaki. Bakin sama kuma ya kife shi da gindin gorar ruwa, don kada ruwan sama ya taru a ciki, kada rina ta yi gida.

Abin da ya fi burge ni shi ne da ya ce, "Saniya ba ta zuwa da niyyar karya shinge, ƙaiƙayi ke kawo ta. Ta ga itace mai kaushi ta goga wuya, gara ta riga ta cinye gindin, sai ya faɗi, ita kuma ta ga an buɗe mata ƙofa. Wannan santsi gare shi, ba ya mata daɗin susa." Na tashi a cikin shanu, na karanta littafin noma har na ci jarrabawa a kansa, amma ban taɓa tambayar kaina me ke kai saniya jikin dirka ba.

Washegari Talata ya tafi Birnin Kudu ɗauko waya, ya ce in ci gaba da haƙa ramuka. Ni kuwa zuciyata ta ce ai bai kamata a gama aikin nan ba a ga basirata a ciki ba. Mahaifina yana da wata doka da muka haddace tun muna yara: dirkar da ba ta ga wuta ba abincin gara ce. Ba ya kafa itace sai ya babbake gindinsa ya yi baƙi. Kada ku ce ban san roba tana narkewa ba, na sani sarai. Amma na ce wannan mai kauri ce kamar ƙarfe, jiya ma na ga an huda ta da wuta ba ta yi komai ba, kuma garar gonar nan har buhu take ci. Ɗan nuna mata wuta kawai zan yi. Na tara karan dawa na kunna, na jera gindin fayif bakwai a kai kamar yadda Baba yake jerawa, na koma kan dagi ina fito.

Wari ne ya fara sanar da ni. Kafin in ƙaraso, gindinsu ya yi baƙi ya lanƙwashe kamar dafaffiyar taliya, baƙin hayaƙi yana tashi. Na janye su ina tari, ɗaya ya manne mini a takalmi. Masu iya magana sun ce sabo turken wawa, ranar na ga turken na ga wawan.

Da abokina ya dawo ya sauke wayar, ya daɗe tsaye a kansu. Ya tsuguna ya juya ɗaya, ya ce, "Babbaka ka yi musu?"

Na ce, "Saboda gara."

Na ga kafaɗarsa tana rawa, ya juya mini baya har ya gama abin da yake yi. Sannan ya ɗauko zarto ya ce, "Dama ina neman gajeru da zan tokare kusurwa da su. Ka rage mini aiki." Ya yanke wajen da ya ƙone, ya yi tokara da sauran. Na san ƙarya yake yi don ya rufa mini asiri, domin ko ni da ban iya aikin ba na ga an bar gefen burtali da giɓi mai faɗi, kuma ta nan shanu za su fara ɓullowa. Kwana uku ya rage. Da la'asar ya ce zai je gida ya dawo, ya hau mashin ɗinsa.

Labari ya riga ni isa gida. Matan gidan suna ganina suka fara tambaya ko a kawo mini yaji in ci da gasasshiyar roba. Mahaifiyata kuwa ta ci gaba da tsince wakenta, kuma hakan ya fi dariyarsu ciwo. Na ce a raina shi ke nan, gonar da gara ba ta gama da ita ba, ni na ƙarasa ta.

Ranar Laraba kafin azahar sai ga shi, ya ɗaure fayif bakwai a mashin, sun yi masa fiffike dama da hagu. Da muka sauke na lura gindinsu duk jar ƙasa, kuma an riga an huda su, ƙofa biyar biyar. Na ce, "Waɗannan daga ina?" Ya ce, "Daga inda suka gaji da tsayuwa. Miƙo dagi." Sai bayan watanni ƙaninsa ya faɗa mini cewa yayan nasa daga shingen garkarsa ya tuge su, ya toshe wajen da ƙaya, kuma awaki sun yi masa ɓarna a albasa kafin ya samu wasu.

Ranar Alhamis muka ja waya muka gama. Ina cewa an tashi, sai ya janyo wani gungumen marke mai kaushi da ya roƙo a cikin gari, ya kai shi can bakin burtali, nesa da shingen kamar taku ashirin. Ya ce wannan na shanu ne, tunda an hana su susa a can dole a ba su wajen yi, in ba haka ba za su nema da kansu. Sannan ya dube ni yana murmushi ya ce, "Malam, wannan kam itace ne. Zo ka yi masa aikinka."

Na haɗa wuta na ɗora gindin gungumen, ina juya shi a hankali, gefe-gefe, har ya yi baƙi ko'ina bai kama da wuta ba. Ban san mahaifiyata ta iso ba sai da na ji muryarta a bayana. Ba da ni take magana ba, da abokina take. Ta ce, "Ɗan nan, ka ga yadda yake juya shi? Haka babansu yake yi. Ba wauta ce ta sa shi ƙona maka kaya ba, maganar ubansa ya riƙe, wajen ajiye ta ne bai sani ba." Na sunkuyar da kai na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka saki dabbobi. Mu uku muka tsaya a kan dutsen muna kallo. Garken farko ya gangaro, wani jan bijimi ya nufi rogon kai tsaye, ya shinshina fayif, ya goga wuya sau ɗaya, wuyan ya zame. Ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya juya ya tafi wajen gungumen nan, ya shiga susa har yana lumshe ido, sauran suka yi layi a bayansa. Awaki suka zagaya sau biyu suka haƙura. Mahaifiyata ta gyara mayafinta ta ce, "To, a gaya wa kawunku ya nemi wajen geronsa."

Har yau idan na tuna, abin da yake ba ni mamaki game da abokin nan nawa ba dabarar robar ba ce kaɗai. Mutum ne da yake tsayawa ya kalli abu har ya gane me yake so, saniya ce, ko ƙasa, ko abokinsa da ya yi abin kunya. Ni na ɗauka ilimi shi ne ka riƙe abin da aka gaya maka. A wajensa na ga cewa sai ka kuma san dalilin da ya sa aka gaya maka. Na daina yi wa aikin hannun kowa dariya tun daga ranar, ko da ban gane shi ba.

Dirkokin suna nan tsaye, rana ta ɗan kodar da su, gara kuwa ta gina hanyarta a jikin wasu ta gaji ta sauka. Gungumen ya yi sumul saboda wuyan shanu, gindinsa bai ruɓe ba. Mahaifiyata tana zuwa gonarta kowace safiya, yanzu da sanda.

Shekarar da ta haƙi rogon farko ta dafa kwano biyu, da ƙuli da yaji. Babban ta ce in ɗaura a mashin in kai Basirka da kaina. Ƙaramin kuma ta tura shi gefena da bayan hannu, idonta yana wani waje, ta ce, "Wannan na mai babbaka ne."