Baturiyar da Muke Kallo a Rara

Shekarar da aka tura ni aiki ƙaramin asibitin Rara, ban san kowa ba a garin. Ni 'yar Wurno ce, gidanmu gidan malamai, kullum cike da mutane. A Rara kuwa ɗaki guda na samu a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Mijinta manomin albasa ne, ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta duk sun watse birni. Mu biyu ne kawai a gidan, sai awaki uku.

Watan farko ba mu wuce gaisuwa ba. In na taso daga aiki sai in shige ɗaki in zauna ina jin motsinta a tsakar gida. Wata ranar kasuwa da na je gida, mai shagon tura finafinai ya sa min wani wasan talabijin mai dogon zango a waya, ya ce na Ostareliya ne. Labarin wata malamar asibiti ce a ƙauye mai jar ƙasa, inda ruwan sama ke wuya. Matar da ta fito a malamar doguwa ce, mai faɗin baki, in za ta yi magana sai ta fara sosa gira.

Ina kallo a bakin ƙofa bayan la'asar, Inna tana ɓarar wake, sai ta leƙo.

"Ɗiyata, waɗanga wane irin shanu na, babu tozo?"

Na ce mata haka shanun ƙasarsu suke. Ta jawo tabarmarta kusa. Da matar ta yi magana, Inna ta taɓa ni. "Mi tac ce?"

Daga ranar na zama tafinta. Inna ba ta taɓa riƙe sunan matar ba, Baturiyarmu take ce mata. In Baturiyarmu ta yi wa mara lafiya faɗa, Inna ta ce ta yi daidai. In ta koma gida ta ci abinci a tsaye ita kaɗai, sai hannun Inna ya tsaya a cikin ƙwarya.

Da wasan ya ƙare sai na shiga neman sauran ayyukanta. Akwai wani tudu bayan asibiti inda waya ke kama sabis, can nake tsayawa in karanta labarinta. Ashe tun tana budurwa ta fara da wasan dandamali, a gaban mutane ido da ido. Daga nan ta shiga talabijin, ta yi suna a ƙasarsu, sannan ta ƙetara wata ƙasa neman manyan finafinai. A can ba ta samu yadda take so ba. Sai a ba ta matsayin uwar wani ko sakatariyar wani, ta fito sau biyu ta ɓace. Mukan zauna fim guda muna jiran ta, in ta wuce Inna ta ce in mayar baya.

A wani fim mota ta kaɗe Baturiyarmu. Inna ta yi salati, ta tashi ta bar wurin, ranar ko tuwo ba ta ci sosai ba. Na yi ta bayani cewa wasa ne, ba ta yarda ba sai da na kawo wani fim ɗin da aka yi bayansa, ta gan ta tana tuƙa mota da gashi a yanke.

"Ashe ƙarya ta!" in ji Inna, tana dariya har da hawaye. Wannan ne karo na farko da na ji dariyarta.

A shekarata ta biyu yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Ta daina ganin fuskoki a waya, amma da matar ta buɗe baki sai ta ce, "Ga ta nan." Muryar ta fi dā kauri, don finafinan da nake samu lokacin na shekarunta na baya-bayan nan ne, ta fara furfura.

Sai finafinan suka ƙare. Na hau tudu na duba, na ga ta koma ƙasarsu, ta koma dandamali inda ta fara. Irin wannan wasan ba a ɗaukarsa a kawo shago. Hotuna kaɗan na samu, tana tsaye da doguwar riga, hannu a ɗage. Na gaya wa Inna cewa yanzu sai wanda ya je ya zauna a gabanta ne zai gan ta.

"To mu hwa?" ta ce.

Na ɗauko waya. Muka koma kan wasan farko, muka sake shi daga tushe.

Da rani babban ɗanta ya zo ya tafi da ita Sakkwato a yi mata aikin ido. Ta ce min kwana goma za ta yi, in riƙa ba awaki dusa. Aikin ya yi kyau, amma ɗan ya ce ba za ta koma zaman kaɗaici ba. Aka aiko aka kwashe awakin. Na yi wata huɗu ni kaɗai a gidan, ina share tsakar gidan da babu mai ɓata shi, kafin a mayar da ni Goronyo.

Sau ɗaya muka yi magana a wayar surukarta. Kunnenta ya yi nauyi, sai ɗaga murya nake yi. Ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen Wurno, sannan ta ce, "Baturiyarmu tana nan da rai?"

Na ce tana nan, tana ta wasanta.

"Madalla. Yanzu ido ya buɗe, ga shi ba ki kusa."

Na ce zan zo. Ban samu zuwa ba sai ta'aziyyar rasuwarta.

Bara aikin rigakafi ya bi da ni ta Rara. Na ce wa mai babur ya tsaya a ƙofar gidan. An ba wani ɗan kasuwa haya, ya mayar da shi ma'ajiyar albasa, an shimfiɗa ta har cikin ɗakin da na zauna. Mutumin ya fito ya tambaye ni ko saye zan yi. Na ce a'a, wucewa nake yi. Akwatin allurar yana bayan babur, ƙanƙarar ciki na narkewa, muka kama hanyar ƙauyen gaba.