Ranar da Ido-Ɗaya Ya Ba da Aron Madubinsa

Shekara talatin da huɗu ke nan yana zaune a kan kujera ɗaya, a shago na uku daga bakin layin maƙeran zinariya, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin jaka. Ido-Ɗaya ake ce masa. Idanunsa biyu lafiya lau aka haife shi da su, sai dai duk wanda ya leƙo shagon zai tarar ya runtse na hagu, ya manna ɗan madubinsa mai ƙara girman abu a na dama, ya sunkuya kan wani dutse da bai kai ƙwayar wake ba. Har jikokinsa, in aka tambaye su gidan wa, sunan da suke faɗa ke nan.

Da ƙira ya fara kamar kowa a layin, ya ƙona yatsu, ya shaƙi hayaƙi. Daga baya ya koma dasa duwatsu a zobe da 'yan kunne, daga nan kuma ya zama wanda ake kawo wa lu'ulu'u ya duba kafin a saya. Teburinsa bai taɓa canjawa ba: fitila mai farin haske, hantsaki, ɗan sikeli a cikin akwatin gilashi don kada iska ta taɓa shi, farar takarda a naɗe, da ƙyallen goge dutse da ya koɗe har ba a san launinsa na asali ba.

Shawararsa ma ba ta canjawa. Ya maimaita ta har mai gyaran agogo ya haddace, in ya ga baƙo ya shiga da takarda a hannu sai ya leƙo ta taga ya riga shi.

"Dutse ka zo saya, ba takarda ba. Na hutar da kai, tsoho."

"Koma kan agogonka da ba ya tafiya," in ji Ido-Ɗaya, sannan ya zaunar da baƙon ya yi masa bayani a hankali. Takardar shaidar nan da gidajen gwaji ke bayarwa tana da amfani, tana faɗin nauyin dutse da launinsa da tsabtarsa da yadda aka yanka shi. Amma mutum ne ya duba ya rubuta, kuma gidajen ba ɗaya ba ne, wani mai tsanani, wani mai sakin hannu. Shi da kansa ya taɓa riƙe dutse ɗaya mai takarda biyu, ɗaya ta ɗaga shi mataki biyu sama da 'yar'uwarta. Ko takardar ta gaskiya ce, wa ya ce ta wannan dutsen ce? Sai ya nuna ɗan zanen da ke tsakiyar takardar, inda aka sa alamar kowane tabo da ke cikin dutsen, da lambar da ake rubutawa a gefen dutsen, wadda ido kaɗai ba ya gani. In zane da lamba sun dace da abin da madubi ya nuna, to a yi maganar saye.

Abin da ba wanda ya sani a layin shi ne, wata takwas ke nan da yanar ido ta fara sauko wa idon nan na dama. Da fari ya zargi fitila, ya canja ƙwai. Ya zargi madubi, ya wanke shi da sabulu. Na hagun kuwa da ma rago ne, shekara talatin a runtse, bai koyi komai ba. Yanzu in aka kawo dutse sai ya aza a sikeli, ya ɗaga shi da hantsaki, ya manna madubi, ya ƙirga ashirin a zuci yana kallon wani farin hazo, sannan ya faɗi abin da ya riga ya karanto a manyan baƙaƙen takardar da tabarau. Yana komawa gida a gajiye kamar wanda ya yi dako, matarsa ta tambaya ya ce zaman kujera ne.

Wata ranar Talata da hantsi sai ga Auta, ƙanwarsa, ta yi sallama. Bara ta ajiye aikin koyarwa. A bayanta akwai Mai Kwat, dillalin da ba ya tuɓe kwat komai zafi, wanda in ya ji magana a bakin layi takan riga shi isa ƙarshensa.

"Yaya, na kawo maka aiki."

"Ke da kika ce duwatsunmu kwalba ce mai tsada?"

"Na tuba. Shekara talatin ina cin alli, duk abin da na samu na yara ne da na makarantar yara. Ina son abu ɗaya da zan sa a yatsa, ba mai cewa Mama ara mini."

Mai Kwat ya zaro ɗan ƙunshi ya buɗe a kan tebur, ya shimfiɗa takarda a gefe yana shafa ta da tafin hannu.

"Baba, wannan ba sai ka wahalar da idonka ba. Dubi hatimi, dubi takardar ma kanta, kauri kamar fata. Mai shi zai yi tafiya da azahar, shi ya sa na ce wa Hajiya mu hanzarta."

"Ni ba Hajiya ba ce tukuna, Malama dai," in ji Auta. "Kuma ba hatimi zan sa a yatsa ba."

Ido-Ɗaya ya sa tabarau ya karanta. Gidan gwajin na kirki ne, daga masu tsanani. Ya aza dutsen a sikeli, nauyi ya dace. Ya goge shi, ya ɗaga da hantsaki, ya manna madubi. Hazo. Ya juya shi. Hazo mai ɗan walƙiya. Ya fara ƙirgen nan nasa, ɗaya, biyu, uku, yana jin ƙamshin turaren Auta, yana jin takalmin Mai Kwat na buga ƙasa. A goma sha ɗaya ya tuna ranar da ya goya ta zuwa makaranta saboda ƙafarta ta kumbura, tana ja masa kunne wai ya yi sauri. Da wani ne, da yanzu ya ce dutse ya yi. Ya san kuma in ya buɗe baki ya faɗi gaskiya a gaban wannan mai kwat ɗin, kafin la'asar babu wanda zai sake hawo matakalar shagonsa da dutse.

Ya sauke madubin ya ajiye.

"Auta, zo nan ki zauna."

"A kujerarka?"

"Ba na gani."

Mai Kwat ya yi 'yar dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, ya haɗiye.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Wannan maganar gida ce. Zauna. Ke ce mai gano yaron da ya kwafi amsa daga layin baya, wannan ba zai gagare ki ba."

Ta zauna. Ya koya mata yadda za ta kafa gwiwar hannu a tebur, ta manna madubin har ya taɓa gira, ta kawo dutsen kusa a hankali maimakon ta bi shi da kai. Sau biyu dutsen na suɓucewa daga hantsaki, Mai Kwat na dafe ƙirji.

"Ba na ganin komai sai hancina."

"Matso da shi. Kaɗan. Tsaya da numfashi."

"To... na gani. Kamar ɗaki mai tagogi da yawa."

"Yauwa. Dubi zanen takardar. Akwai wani ɗan jan layi kusa da gefe, kamar gashin tsuntsu. Nemo mini shi a cikin ɗakin."

Ta daɗe tana juyawa. A waje wani mai tura kura yana faɗa da mai mota.

"Babu shi, Yaya. Amma akwai baƙin ɗigo a tsakiya, kamar kashin ƙuda."

"Takardar ta nuna ɗigo a tsakiya?"

Ta duba. "A'a."

"Juya shi a gefe, ki bi bakin da ya zagaye shi. Akwai lamba?"

Ta zagaya sau biyu. Babu lamba.

Ido-Ɗaya ya ninke takardar yadda take, ya miƙa wa Mai Kwat.

"Takardarka ta gaskiya ce. Dutsenta yana wani wuri, a yatsan wata ko a aljihun wani. Wannan ma wataƙila lu'ulu'u ne, ban ce ba shi ba ne, amma ba shi aka gwada ba. In mai shi yana so, a mayar da shi gidan gwaji a yi masa tasa."

"Wallahi Baba haka aka ba ni."

"Na yarda. Kai ma takarda ka duba."

Mai Kwat ya naɗe ƙunshinsa ya fita, ko sallama bai yi da kyau ba. Ta taga Ido-Ɗaya ya ga inuwarsa ta tsaya a ƙofar mai gyaran agogo, ta wuce ta tsaya a ta gaba.

Auta ba ta tashi daga kujerar ba.

"Wata nawa?"

"Takwas."

"Mutum nawa ka ce wa dutse ya yi?"

Ya san adadin, ya san fuskokin, akwai wata amarya da ta yi masa addu'a har bakin ƙofa.

"Jibi da rana zan zo mu je asibitin ido. Yanar ido ce kawai, ana cirewa. Kuma kada ka ce mini zaman kujera ne, matarka ta gaya mini wannan ƙaryar tun tuni."

Washegari ya buɗe shago kamar kullum, ya kunna fitila, ya jera hantsaki. Har azahar ba wanda ya hawo. Mai gyaran agogo bai leƙo da tsokana ba, sai dai ya aiko masa da shayi, abin da bai taɓa yi ba, kuma wannan ya fi tsokanar ciwo. Ido-Ɗaya ya jawo littafin da yake rubuta lambobin wayar masu kawo masa aiki, ya sa tabarau, ya koma baya wata takwas. Amaryar ya fara kira.

"Ki kawo zoben nan da takardarsa," ya ce. "A'a, ba abin tashin hankali ba ne tukuna. Ki zo da safe, lokacin da idonki bai gaji ba. Ke za ki duba."