Kiran Mai Kifin Kado

Ni dai Allah bai ba ni gane hanya ba. A ma'aikatarmu ma na daɗe ina faɗawa ofishin wani ina neman kujerata. To a ɗauki irina a jefa a kasuwar kifi ta Kado da ke Abuja, inda kowace rumfa kamar an haife ta tare da ta kusa da ita, ƙasa jiƙe, robobi cike da tarwaɗa suna ta wutsil-wutsil. Da kunne nake gane mai kifina, ba da ido ba.

Wata mata ce gajera daga bakin Binuwai, Kirista, mai muryar da ta fi ƙarfin jikinta. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini Hajiya, da irin Hausarta ta Abuja da ba ruwanta da namiji ko mace. Ina sauka daga mota sai in tsaya in kasa kunne, can sai in ji ta ɗaga: kifi ya iso, tukunya ta yi dariya, maigida ya dawo da wuri. Daga nan ta ƙarasa da wani layi cikin yarensu, ta ja shi dogo har ya lanƙwasa. Sai in bi muryar kamar akuya ta ji motsin dusa.

Kiran nan gadonsa ta yi. Da shi mahaifiyarta ta yi tallar kifi a ka, ƙauye-ƙauye. Kuma a layinsu akwai doka da ba a rubuta ba: ba mai ɗaukar kiran wani. Wadda ta kuskura, hukuncinta ta zauna a rumfar mai kiran ta yini tana kankare mata ƙarfasa, 'yan kasuwa na wucewa suna yi mata sannu da aiki. Na taɓa ganin an yi wa wata ƙatuwar mata haka, na yi dariya har da hawaye.

Lokacin Abuja tana tashe. Benaye na tsirowa ko'ina, kowa da waya mai kyamara, kowane yaro da ya sayi baƙin tabarau ya zama mawaƙi. Wata Asabar muna bikin 'yar wani darakta, an cika zaure ana ta yauƙi, sai mai kiɗa ya saki wata sabuwar waƙa. Cokalin da ke hannuna ya tsaya. Muryar Mama ce, wallahi, an zuba mata ganguna a ƙasa, an sa tana maimaita "tukunya ta yi dariya" kamar mai shaƙuwa. Manyan mata da ba su taɓa taka kasuwar kifi ba suka miƙe suna juyi. Ni kuwa sai faɗin rai ya kama ni, ina taɓa na kusa da ni ina cewa mai kifina ce. Ba wanda ya kula ni.

Ashe wani saurayi ne ya zo sayen kifi, ya ajiye waya a kan teburinta yana ta ciniki, ya tafi da rabin tarwaɗa da muryar mutane gaba ɗaya. Layin yaren ne kawai ya yanke, ga alama bai yi masa daɗin rawa ba.

Da farko ita ma abin dariya ya ba ta. Ta ce ashe ta tsufa da farin jini. Amma kafin wata ya zagayo, kowace rumfa ta sayi 'yar sifika tana sakin waƙar. Doka ta hana baki ɗaukar kiran wani, ba ta ce komai a kan sifika ba. Na sauka daga mota na ji Mama a gabas, Mama a yamma, Mama a wurin masu kankara, har da mai sayar da barkono. Ranar na yi ta zagaye, ƙarshe na sayi kifi wurin wata da ban sani ba, na koma gida ina jin kamar na ci amana.

'Yarta da ke karatu a jami'a ta ce bari ta gyara abin. Ta ɗauki uwar a bidiyo tana kiranta a rumfa, ta ɗora a shafinta don duniya ta san mai abu. Ba a jima ba aka toshe sautin, aka aiko mata da sanarwa cewa ta yi amfani da waƙar wani ba da izini ba. Nan fa raina ya ɓaci. Na tasa maigidana gaba, shi lauya ne, na ce ya bayyana mini wannan rashin kunya. Bawan Allah ya cire tabarau ya ce na'ura ce ke sauraro, ita kuma wanda ya fara kai mata sauti shi ta sani. Ya ce Mama tana da magana, ana iya bi, amma a shirya wa doguwar tafiya, don abin da ba a taɓa naɗa ba wuyar kafa hujja gare shi. Na ce to ya je ya faɗa wa tarwaɗa, ni ban gane ba. Duk da haka ya bi ni kasuwa ya yi mata bayani da kansa.

Ta saurara tana goge hannu a zani. Ba ta tambayi ko nawa za a samu ba. Tambaya ɗaya ta yi:

"Oga, in na kira a nan, za a kama ni?"

Ya ce ba mai kama ta. Ta gyaɗa kai. Amma ba tsoron kamu ne ya rufe mata baki ba. Wasu 'yan mata ne suka zo sayayya, suka ji ta ɗaga kira, suka tafa suka ce kai, tsohuwar nan ta iya kwaikwayon waƙar nan sosai. Daga ranar ta daina. Kiran uwarta, a rumfarta, a ce mata ta iya kwaikwayo. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na ga yadda ta koma zama shiru tana korar ƙuda.

Wata Asabar na sake ɓata. Rana ta take, takalmina ya jiƙe, Mama na tashi daga sifika ta ko'ina, ita kuwa ba ta. Haushi ya ci ni. Na tsaya tsakiyar layi, da mayafina da jakar hannuna, mace mai ofis da sakatare, na buɗe baki na kwarara kiran. Muryata kuwa ko yarana roƙona suke in bar musu waƙa. Da na zo layin yaren sai na yi ta kame-kame, na kwaɓa shi son raina.

Kasuwa ta yi tsit, sai sifiku. Can daga bayana na ji an ɗaga, da fushi, da ƙarfi, tun daga "kifi ya iso" har layin ƙarshe, aka ja shi dogo ya lanƙwasa daidai inda yake lanƙwasawa. Maƙwabciyar Mama ta miƙa hannu ta kashe tata sifikar. Na juya, ashe rumfa uku ce tsakaninmu.

Tana huci ta ce na kashe mata uwa karo na biyu da wannan murya. Sannan ta jawo 'yar kujera, ta miƙo mini wuƙa.

"Hajiya, kai ya san doka."

Na naɗe hannun riga na zauna. Na kankare ƙarfasa har la'asar, ɓawo ya cika mini gira, 'yan kasuwa na wucewa suna yi mini sannu da aiki, ita kuma tana ta kira kamar ta biya bashin kwanakin da ta yi shiru. A gefena akwai wata kujerar, an ɗora wuƙa a kai, ba kowa. Na ce ta matsar da ita in miƙe ƙafa.

"Bar shi," in ji ta. "Na yaron da ya ɗauke kirana ne. Duk ranar da ya zo, kifinsa na nan."

Har na bar Abuja kujerar tana wurin.