Manjan Bayan Gidanmu

Shekarun baya, lokacin ina saurayi mai ji da kansa, wani mutum ya kama kangon da ke bayan gidanmu a Wudil ya fara ƙona manja. Ga wanda bai sani ba, ana barin manja a wuta ne har jan ya mutu, sai a sayar wa masu suya a madadin man gyaɗa, da yake ya fi araha. Shi kuwa duro-duro yake ɗorawa. Hayaƙin kuwa maƙogwaro yake kamawa, kamar an watsa barkono a garwashi.

Mahaifiyata tana da asma. Da ya hura wuta sai ta shige ɗaki ta toshe taga da zani. Wata rana sai da muka kwashe ta zuwa asibiti ranga-ranga. Na sami mai manjan da magana, ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, ɗan nan, amma abincina ke nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi majalisun unguwa ɗaya bayan ɗaya ina jawabi, na ce kada wanda ya ƙara sayen mansa. Maza suka ɗauki zafi, har da masu rantsuwa. Na dawo gida ina taƙama kamar na ci zaɓe.

Sati biyu, hayaƙi sai abin da ya yi gaba. Wata safiya ina karyawa da ƙosai ina ta mita, wai mutane ba su da alkawari. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Kai, a cikin mazan nan naka, wa ya taɓa sayen mai ko da kwalba ɗaya? Ƙosan da ke hannunka ma, da man wa aka soya shi?"

Na ajiye ƙosan. Ashe har da ni ake hura wutar.

Kunya ta kama ni, amma ban karaya ba. Masu sayen man matan aure ne da ke suyar awara da ƙosai a cikin gida, ni kuma iyakata zaure. Sai na roƙi yayata, ta ɗauki mayafi ta shiga gida-gida. Washegari sai ga dattijuwar da ta fi kowa ciniki ta zo dubiya. Ta zauna ta saurari yadda numfashin mahaifiyata ke fita da ƙyar, ta ce, "Haba! Me ya hana a faɗa mana tun farko? To mun koma man gyaɗa. Ƙosai zai ƙanƙance, sai maza su yi haƙuri."

Ya kuwa ƙanƙance. Masu rantsuwar nan su suka fara ƙorafi, matan suka yi kunnen uwar shegu da su. Wata bai cika ba mai manja ya je wajen matan ban-baki da ƙafarsa. Dattijuwar ta ce masa, "Ba sana'arka muka ƙi ba, Malam. Ka fitar da wutarka daga cikin mutane, mu dawo." Ya kwashe durukansa zuwa wani fili a hanyar Utai, su kuma suka cika alkawari.

Har yau ina ganin ana yekuwar ƙaurace wa kaya a waya, ina kuma shiga, don na ga ya yi aiki da idona. Sai dai kafin in buɗe baki nakan tambaya: wa yake saye, kuma me muke so mai kayan ya gyara? Da na yi wannan tambayar tun farko, da na rage wa mahaifiyata sati biyu na shaƙar hayaƙi. Ta yafe mini tana dariya. Ni ne dai har yanzu ban gama yafe wa kaina ba.