Tsakuwa Bakwai a Faifan Mama Saratu

Har yau idan na ji ƙarar wake a faifai sai na tuna da wata ranar Laraba a ofishinmu na Zuru. Lokacin ina matsakaicin jami'i a sashen sayayya, mu ne ke sayo wa makarantun kwana abinci.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ga yadda yake. Za a liƙa sanarwa a allo, masu so su jefa takardunsu a akwati, a buɗe a gaban kowa, sannan kwamiti ya tantance. Tsoffin sharuɗɗanmu kuwa, kafin ka sayar mana da wake sai kana da rajistar kamfani, da katafaren sito, da injin cire tsakuwa. Ƙananan ƙungiyoyi tun daga bakin allo suke juyawa.

A shekarar aka fara gyara. Aka yanka kwangilar kashi-kashi, aka yarda da takardar ƙungiyar gama-kai a madadin ta kamfani, aka ce samfurin kowa a sa masa lamba, ban da suna. Ni na fi kowa zaƙewa a wannan gyara, har abokan aiki suka raɗa mini Lauyan Talakawa. Sharaɗin inji ne kaɗai ya gagare ni, domin shugaban kwamitinmu, Alhaji Garba, ya kafe a kansa. Ba mugun mutum ba ne. Ya taɓa ganin ɗaliba ta fasa haƙori a kan wake da shinkafa, bai kuma manta ba.

Da aka duba samfura, mai lamba huɗu ya fi kowanne tsabta. Aka buɗe ambulan ɗin da ke ɗauke da sunan mai shi, ashe na wata ƙungiyar zawarawa da makafi ne daga Rikoto, kuma a gurbin inji sun rubuta "babu". Alhaji ya ce ko dai sun kai wa mai inji, ko sun kwana uku a kan mudu ɗaya don su burge mu. Na roƙi a kira su kafin a soke sunansu. Na san sun riga sun tara waken kakar nan gaba ɗaya da wannan fata, idan an soke su sai su kai kasuwa a yi masa tayin wulaƙanci.

Shugabarsu ta zo, Mama Saratu, dattijuwa makauniya, da faifanta a hammata. Kafin ta shigo, Alhaji ya ɗebi mudu guda daga samfurin wani kamfani da ya bi ta inji, ya tsinto tsakuwa biyar a harabar ofis, ya cakuɗa a gabanmu. Tsakuwar kuwa kalar waken ce sak.

Ta zauna a tabarma, ta gaishe mu, ta nemi a kashe fanka. Aka zuba mata waken, sai ta fara bakace, kanta a karkace, kunnenta wajen faifan. Ta watsa waken sama, ya dawo, ta tsaya, ta kai yatsu biyu wuri ɗaya ba tare da lalube ba, ta ɗauko tsakuwa. Mu shida muna zaune da idanunmu da tabaranmu, ba wanda ya ga abin da ta ji. Ni dai na kasa rubuta komai a takardar taro.

Da ta gama sai ta jera biyar a dama, biyu a hagu.

"Ranka shi daɗe," in ji ta, "waɗanga biyar tsakuwar gini ta, ba su taɓa kwana cikin wake ba. Waɗanga biyu su anka kwaso tun daga gona."

Alhaji ya ɗauki biyun ya daɗe yana juya su a tafin hannunsa. Su ne injin ya bari. Ya tambaye ta ko duk matan haka suke yi, ta yi dariya ta ce ita ai ta tsufa, akwai waɗanda suka fi ta kunne.

"Mama, ki yi haƙuri," ya ce. "Ni na zuba."

"Na sani, ɗana. Mai ciyar da ɗiyan mutane dole shi gwada."

Ya karɓi birona, ya ja layi a kan sharaɗin inji, ya rubuta cewa abin da ake buƙata wake ne marar tsakuwa, ko ta wace hanya aka tsince shi. Kwamiti ya amince, aka tura sama, aka tabbatar. Kashi ɗaya na kwangilar ya tafi Rikoto.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, duk sharaɗin da za ku rubuta ku tambayi kanku wa ya hana shigowa, kuma me ya sa. Mun yi shekaru muna tambayar mutane abin da suka mallaka, ba mu taɓa tambayar abin da suka iya ba. Tsakuwa biyun nan suna cikin durowar Alhaji har ranar da ya yi ritaya, kuma da zai tafi ni ya damƙa wa.