Barkar da Na Yi wa 'Yar Tsohon Nara

Duk abin da zan manta na shekarun da na yi ina tura alhazai a keken guragu a Makka, ba zan manta da wani tsoho ɗan Japan ba, da katoɓarar da na yi wa 'yarsa.

A unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife ni, kakannina ta Sudan suka zo. Wata shekara aka haɗa ni da wannan dattijo, wanda ya musulunta da tsufansa, ƙafafu sun gaza. Wani ɗalibi ɗan ƙasarsu mai jin Larabci ne tafintanmu. Tsohon ba shi da hira sai ta garinsu, Nara. Wai nan ce fadar mulkin Japan tun tabi'ai na raye, har akwai zamani guda a tarihinsu da ake kira da sunan garin. Wai bareyi na yawo a titi ba mai taɓa su. Na ce a raina, a unguwarmu da tuni sun zama kilishi. Ya ce kabari ɗaya danginsa ke da shi: a ƙona mamaci, 'ya'yansa su tsince ƙasusuwan, a ajiye ƙarƙashin dutse mai sunan gidan. Matarsa ma tana can. Na yi a'uzubillahi a ɓoye.

Bayan Muzdalifa zafi ya kayar da shi. Kwana biyu ya yi a asibiti ya cika. Aka sallace shi a Harami, aka binne shi kamar kowa, babu suna babu rubutu.

Washegari da hantsi ɗalibin ya kawo mini waya, ana kiran bidiyo. 'Yar tsohon ce tilo, ba musulma ba ce, tana son ganin wanda ya tura babanta. Idanunta duk sun kumbura. Ni kuwa da rawar kaina na ce, "Gaya mata mabruk, ina yi mata barka! Wallahi babanta ya dace, mu nan irin wannan mutuwa muke roƙo."

Ɗalibin ya dube ni. "In faɗa mata haka?"

"Yalla, faɗa mana."

Ya faɗa. Sai ta tambaya yaushe za a aiko da ƙasusuwansa. Muka ce ba a yin haka. Ta ce to a nuna mata kabarin, za ta zo. Ɗalibin ya sunkuyar da kai, ya gaya mata wanda ba musulmi ba ba ya shiga Makka.

Ta ce, "To me zan sa kusa da mahaifiyata?"

Ta rusuna ta gode mini, ta kashe wayar. Godiyar nan ta fi mini mari zafi.

Da na ba tsohuwata labari, ajiye ludayi ta yi. "Ya waladi, marainiya ka yi wa barka? Ko 'sannu da haƙuri' ba ka iya ba?"

Har gobe ina ganin tsohon ya dace, ban canza ba. Amma ita uba ta rasa, ta rasa gawarsa, ta rasa inda za ta tsaya ta yi kuka, ni kuma na tare ta da murna. Tun ranar na koyi cewa in ka je gaban mai makoki, ka fara jin abin da ya rasa kafin ka buɗe baki da abin da kake ganin ya samu.