Ranar da Aka Ɓoye Butar Inna

Warin gawayin dutsen guga da ƙamshin sitaci ne suka tashe ni a safiyar Lahadin da za a tabbatar da ni cikakkiyar 'yar coci. Mahaifiyata tana tsakar gida tana goge farar rigata. Na daɗe a kwance ina sauraro, ina jin gidan ya rasa wani abu, kafin na gane ko mene ne: ban ji zubar ruwa a kan dutsen da ke ƙofar ɗakin Inna Tsohuwa ba.

Inna Tsohuwa kakar mahaifina ce. Ba wanda ya san shekarunta, har ita kanta. Takan dai ce da goyo a bayanta Turawa suka shigo Zazzau. Tana cikin na farko da aka yi wa baftisma, tun ana sujada a ɗakin jinka a cikin birni, kafin su fito Tudun Wada lokacin unguwar ba ta wuce 'yan bukkoki da gonakin dawa ba. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma Zabura tana kanta, takan rera ta tana tsinkar zogale.

Tana da wata butar duma da hannu ya baƙanta ta. Ba ta addu'a sai ta wanke ƙafafunta. Ran Lahadi kuwa da butar take tafiya. Ta tuɓe takalmi a ƙofar coci, ta zauna a bakin dakali ta wanke su a tsanake, sannan ta shiga. Maƙwabcinmu, wani malami mai ɗinkin huluna, yakan tsokane ta idan ta wuce, wai alwalarta ba ta cika ba, ta manta da kunnuwa. Ita kuma ta ce kunnuwan da suka sha jin surutunsa ai ko ruwan kogin Kubanni ba zai wanke su ba. Su yi dariya. Cikin Musulmin unguwarmu ban taɓa jin wanda ya raina ta a kan butar nan ba. Namu ne suka ji kunya.

Buri ɗaya ya rage mata, kuma kowa a gidan ya san shi. Takan ce Ubangiji ya bar ta ne don ta durƙusa a gaban bagadi kusa da tattaɓa-kunnenta, wato ni, ranar da zan fara cin Jibin Ubangiji, gurasar da ake rabawa a coci don tunawa da Yesu. Wai daga nan sai ta naɗe tabarmarta.

Ana gobe za a yi, da la'asar, wani dattijon coci ya zo gidanmu. Akawu ne a kantin Turawa masu sayen gyaɗa, mutum mai sa kwat ko da bazara. Ina shara a bayan zaure, na ji komai. Ya gaya wa mahaifina cewa bishof zai zo da baƙi Turawa, bai kamata su tarar da tsohuwa tana alwala a ƙofar ɗakin Allah ba, sai su ɗauka har yanzu ba mu rabu da addinin da ba. Na saurara in ji mahaifina ya tuna masa cewa tsohuwar nan tana sujada tun ba a yi auren uwarsa ba. Mahaifina malamin makaranta ne, ya iya magana. Sai na ji ya ce to, za a duba.

Dubawar ita ce ya ɗauke butar ya jefa cikin rumbu. Da na yi magana, mahaifiyata ta ce in ja bakina, yarinya ba ta sa baki a zancen manya, rana ɗaya ce kawai.

Inna ta fito da sandarta ta tambaya. Aka ce an ajiye. Ta dubi jikanta har sai da ya sunkuyar da kai, sannan ta ce, "To." Ba ta nemi wata butar ba, ba ta kuma nemi ƙwarya ba. Ta fahimci ba duman ake ɓoyewa ba, ita ce ba a so a gani.

Muka tafi a hankali, saboda ƙafarta. A ƙofar coci ta tuɓe takalmi kamar kullum, ta tsaya. Nan take aka jera mu masu fararen kaya, wata mata tana riƙe da kafaɗata don kada in fita daga layi. Dattijon ya matso yana murmushi, idonsa na kan hanyar da motar baƙi za ta ɓullo.

"Inna, shiga kawai. Allah ai zuciya yake dubawa."

"Gaskiya ne, ɗana," in ji ta. "Shi ya sa ban taɓa ce maka ka wanke naka ba."

Ta ɗauki takalmanta ta zagaya gefen ginin, ta zauna a ƙasa ƙarƙashin taga. Ya bar ta, don daga can baƙi ba za su gan ta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne cocin cike yake da mutanen da ta yanke wa cibiya. Tulun ruwa na nan a bayan gini, an tanadar wa baƙi. Moɗa ɗaya ta isa. Ba wanda ya tashi. Na durƙusa, bishof ya ɗora mini hannu a ka, ina jin muryarta ta taga, siririya, tana bin waƙa a baya kaɗan kamar yadda ta saba. Da na karɓi gurasa, matar dattijon ce a gefena. Baƙin da aka yi abin dominsu kuwa sun sha shayi sun shiga mota, ba su ma san da wata tsohuwa ba.

Da yamma mahaifina ya fito da butar ya ajiye mata a ƙofa. Sati na zagayowa na tafi makarantar kwana. Kafin in dawo hutu ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Ta ƙara shekaru masu yawa a duniya, fasto yana kawo mata Jibi har ɗaki, ni kuma in ina gida in zuba mata ruwa kafin ya shigo. Amma gaban bagadi ba mu taɓa durƙusawa tare ba. Na sha tambayarta me ya sa ba ta shiga ba ranar. Sai ta shafa kaina ta ce kitsona ya tsufa.

Bayan rasuwarta da daɗewa na ziyarci autarta, goggon mahaifina, wadda aure ya kai Jos tun kafin a haife ni. Na ba ta labarin nan, sai ta ce ashe har Inna ta mutu ba ta faɗa ba. Inna ba ta taɓa yin salla ba a rayuwarta. Kamo ta aka yi daga duwatsun kudu tana yarinya, aka sayar. Da Turawa suka shigo ta gudu da ɗanta a baya, ta yi ta tafiya har ƙafafunta suka tsattsage. A ƙofar gidan mishan a birni, matar mai ba da magani ta zaunar da ita ta wanke mata su da hannunta kafin ta shigar da ita, ta ce haka Yesu ya yi wa almajiransa. Tun daga ranar Inna ta ɗauka haka ake shiga gidansa. Ban da autar, ba ta bayyana wa kowa ba, don kada a ce da mu jikokin baiwa.